Yabon Gwani Ya Zama Dole

Maroƙan ƙasar nan sun ci bashi, kuma bashin ya daɗe. Sun wasa sarakuna da attajirai, sun wasa 'yan dambe da mahauta, har direban babbar mota ya sami mai yi masa kirari, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwar Gwarzo ko a bakin titin Kabo ya ɗaga murya ya jinjina wa manyan masu alherinmu guda biyu ba. Ingila da Faransa nake nufi: toron giwa da toron giwa, hadarin da ya taso daga bayan teku, masu ƙasa ba da gado ba, masu rabo ba da tambaya ba, masu rungumar marar ƙarfi har sai ya daina motsi. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. To ga ni na zo sauke farali a madadin yammacin Kano baki ɗaya.

Ba a yi wa mutum kirari sai an ambaci gidansu. Waɗannan bayin Allah maƙwabtan juna ne, ɗan siririn teku ne kawai a tsakaninsu, kuma sun riƙe haƙƙin maƙwabtaka yadda ya kamata. Sun yi wani yaƙi daga 1337 zuwa 1453, shekara 116 cur, amma saboda tawali'u suka kira shi Yaƙin Shekara Ɗari. Da gida ya yi musu kaɗan, sai suka ɗauki rigimar suka kai ta gidajen mutane, don kada sauran duniya ta rasa albarkarta. Daga 1756 zuwa 1763 sun gwabza a Kanada, sun gwabza a Indiya, sun gwabza a tsibiran Karibiyan da gaɓar Senegal. Da aka zauna sulhu a Faris a 1763, Faransa ta haƙura da Kanada duk faɗinta, ta karɓi tsibiran rake irin su Gwadalub, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke dafa mata sukari. Ba a dami bayin da wata tambaya ba, ba a kuma tashi 'yan asalin Kanada daga barci don a ji ta bakinsu ba. Halin manya ke nan, ba sa son wahalar da talaka da shawara.

Bayan an kayar da Napoleon a Waterloo a 1815, sai hankali ya game musu jiki. Suka lura jinin Bature tsada gare shi, bai kamata a riƙa zubar da shi a banza ba. Saboda haka lokacin da suka iso ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, sun riga sun ƙware a wani fanni da ba wanda ya riga su: abokan gaba biyu su yi shekara da shekaru suna yaƙi a kan ƙasa ɗaya, ɗayansu bai ko ƙwarzani ɗaya ba, alhali gawawwaki na cika rijiyoyi. Kuskuren da aka fi tunawa ya faru ne a Waima, cikin Saliyo, a Disambar 1893, inda rundunar Faransa ta buɗe wa ta Ingila wuta da asuba tana zaton mayaƙan Samori ne, sarkin da take yaƙa a yankin. Turawa suka mutu ta ɓangarorin biyu. Aka yi jimami, aka kai magana gaban mai sulhu, aka biya diyya. Harsashi ne ya yi ɓatan kai, ba don su aka ƙera shi ba.

A Balin, daga Nuwambar 1884 zuwa Fabrairun 1885, ƙasashe 14 suka zauna a kan makomar Afirka. Ba a gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba, don tausayi, ga nisan hanya ga sanyin Jamus. A nan aka tsara yadda Bature zai sanar da ɗan'uwansa Bature idan ya hango wurin da ya kwanta masa a rai. George Goldie, uban kamfanin Royal Niger, ɗan kasuwar da Allah ya hore wa sojoji da tuta da kotu, ya tura Joseph Thomson Sakkwato da Gwandu a 1885 ya samo takarda. A fadar Sarkin Musulmi an ɗauka izinin ciniki aka ba baƙo. A Landan takardar nan ta girma a hanya, ta isa a matsayin shaidar mallakar daula. Wane alƙalami ne mai albarka irin wannan, da za a rubuta ciniki da shi a karanta sarauta?

Ranar 5 ga Agustan 1890 gwanayen biyu suka ja layinsu na farko, daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi. Firayim Ministan Ingila, Salisbury, mai gaskiya ɗaya, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun yi ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, ɗan cikas ɗin da suka samu kawai shi ne ba su san takamaimai inda duwatsun da kogunan suke ba. A ƙauyukanmu idan sallah ta gabato, magidanta kan haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, mahauci ya kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Watanda ke nan, kuma mu da ƙarancin wayewarmu mun ɗauka dole sai an sayi san. Gwanaye suka nuna mana ana iya watanda da san da ke tsaye a turkensa yana tuƙa, mai shi na zaune a gefe yana jan carbi, bai san an riga an kasa ba.

Daga nan sai tsere. A 1894 Kyaftin Lugard, wanda kakanninmu suka sani da Gwamna Lugga, ya yi rige-rige da Kyaftin Decoeur na Faransa zuwa Nikki a ƙasar Bargu, ya riga shi da 'yan kwanaki, kowanne ya koma gida da takardar da ke cewa ƙasar tasa ce. A 1897 aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma musamman don a tare Faransa. A 1898 Marchand na Faransa da Kitchener na Ingila suka yi cirko-cirko a Fashoda, a bakin kogin Nilu, Turai duka ta riƙe numfashi, aka rabu ba a harba ko ɗaya ba. Bindigogin da aka ɗura ba su yi asara ba, an samo musu inda za a sauke su.

A cikin wannan shekarar, ranar 14 ga Yuni, aka yi aikin da ya fi burge ni. A wani ofis a Faris aka shimfiɗa taswira, aka ɗauko kamfas, aka kafa tsininsa a kan ɗigon da aka rubuta Sakkwato, aka buɗe ƙafarsa daidai mil 100, aka juya. Abin da ya faɗo cikin bakan na Ingila, abin da ya faɗa waje na Faransa. Sarkin Musulmi Abdurrahman na zaune a fadarsa a ranar, yana hukunci, ana kawo masa gaisuwa daga Kano da Zazzau da Adamawa, bai ji ko tsinin allurar ba. Ku dubi sauƙin hannu! Bakin fensirin ya bi ta kan gonaki da rijiyoyi da maƙabartu da burtalin shanu, bai karkace don kowa ba, domin adalci ba ya son kai.

Sai Faransa ta duba kasonta ta ga ƙashi ya yi yawa. Hanyar da aka bar mata daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi, ayarin sojanta ba zai kai ba. Ingila, uwar karamci, ta ce wannan mai sauƙi ne. Akwai wani tsohon haƙƙin kamun kifi da Faransawa ke da shi a gaɓar Newfoundland, can ƙuryar Kanada, wanda ya daɗe yana damun Ingila. Ranar 8 ga Afrilun 1904 aka yi musaya: Faransa ta saki kifi, Ingila ta saki ƙasa. Birnin Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi, waɗanda layin 1898 ya bar wa Ingila, suka kwana a hannun wani suka tashi a hannun wani. Ban san wata al'umma da aka taɓa girmamawa haka ba, a ɗora garuruwanta da sarakunanta da malamanta a sikeli ɗaya da kifin tekun Atlantika, kuma a ce sun yi daidai. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi 148, waɗanda mutanen bakin iyaka ke kira tangaraho.

Mutumin Gwarzo ya fi kowa sanin darajar wannan kyauta. Garuruwan yammacin Kano, Gwarzo da Ƙaraye da Getso da Godiya, sun yi ƙarni na 19 da ido ɗaya a buɗe saboda harin Maraɗawa. Su kuwa Maraɗawa Katsinawa ne da jihadi ya kora arewa, harshe ɗaya, salla ɗaya, tuwo ɗaya. Faɗan ya yi zafi, an ƙone rumbuna, an kama bayi ta kowane ɓangare, ba mai musun wannan. Amma tsakanin hari da hari fatake na wucewa da kanwa da gishiri da baƙi, almajirai na wucewa da allunansu, ana aure ana suna. Wannan ruɗani, inda ba a rabe abokin gaba da suruki, shi masu hikima suka zo suka warware mana. Suka mai da ɗan'uwan faɗa baƙo. Yanzu ba ruwan kowa da kowa, sai da takarda mai hoto.

A yi wa Faransa nata kirarin daban, don kada ta ga an yi son kai: uwar 'yanci, mahaifiyar daidaito, kakar 'yan'uwantaka, wadda ta rubuta haƙƙin ɗan Adam ta kuma san iyakar wanda ake kira ɗan Adam. A 1899 ta aiko mana da 'ya'yanta biyu, Kyaftin Voulet da Laftanar Chanoine, su duba mata kasonta. Suka ratsa ƙasar Arawa, Sarauniyar Lugu ta tare su a garinta, suka ƙone garin. A watan Mayu suka shiga Birnin Ƙonni, suka bar shi kufai, gawa a titi gawa a rijiya. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu, kuma bai sha wuyar neman hanya ba, toka da gawawwaki suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Faransa, Voulet ya sa aka harbe Klobb kusa da Tasawa. A nan ne fa aka gane an yi laifi. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Da masana suka bincika, sai aka gano zafin ranar ƙasarmu ne ya taɓa ƙwaƙwalwar waɗannan samari masu tarbiyya. Ashe mu ne da laifi, mu da ranarmu. Faransa ta yafe mana, ta kuma riƙe duk ƙasar da suka ci don tunawa da su.

Ingila kuwa, sarauniyar teku, mai tafiya da doka a hannun dama da bindiga mai ruwa a hagu, ba ta yin abu ba hujja. Ranar 1 ga Janairun 1900 ta karɓi ƙasarmu daga hannun kamfanin Goldie a Lakwaja, ta biya shi fam 865,000, domin ita ba ta cin haƙƙin mai kaya. Saura a je a ga kayan. A ƙarshen 1902 hujjoji suka taru: Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudo Kano an karɓe shi, ga kuma hukumar shata iyaka ta Ingila da Faransa tana buƙatar hanya mai aminci. Wato dole a ci Kano don masu awo su yi awo cikin natsuwa. Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da yawansu Hausawa, da manyan igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka tsaya a gaban badalar Kano, Sarki Alu yana Sakkwato.

Ya mutanen Kabo da Gwarzo, ku da ke shiga birni kullum, kun san ta ƙofar da suka shiga? Ta ƙofarku ce, Kabuga. Duk motar da ta ɗebo fasinja daga Gwarzo, ta tsaya a Garo ta ƙara mai buhun masara, ta wuce Rimin Gado da sabuwar jami'ar Bayero, a nan take sauke mutane, wajen da igwa ta yi magana aka fahimta. Ƙofofin Kano da yawa, amma aka zaɓi tamu. Wannan fifiko ne da ya kamata kwandasta ya riƙa tuna wa fasinja kafin ya karɓi kuɗin mota.

A wannan yaƙi ne aka ga bambancin wayayye da wanda bai waye ba. Namu shugabannin, saboda duhun kai, da kansu suke shiga gaba. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Waziri Ahmadu ya ja dawakin Kano ya faɗa wa bindiga a Kwatarkwashi, ya kwanta a can tare da mutanensa, Laftanar Wright da ya jagoranci harbin ya sami lambar yabo mafi girma ta Ingila. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya mutu a cikin jama'arsa. Su kuwa waɗanda suka ja layin, Allah ya ja zamaninsu, ko ƙura ba ta taɓa takalminsu ba. Bahaushe ya harbi Bahaushe, aka rubuta nasara da sunan Sarkin Ingila. Wannan tattali ne da ko mai kanti zai yi sha'awa.

Kada wani ya ce gabar da ke tsakaninsu ta hana su zumunci. A 1906 talakawa suka tayar a Satiru, kusa da Sakkwato, tare da wani malami makaho da ya tsallako daga kason Faransa bayan an murƙushe irin wannan tawaye a can. Suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka mayar da martani, aka kashe mutane wajen 2,000, aka shafe garin. Ingila da Faransa suka yi ta musayar labari kamar ba su taɓa saɓani ba. A 1917, da Kawusan, jagoran Buzaye, ya kewaye sojan Faransa a Agadas, daga Kano aka tura dakaru su tsallaka layin su taya maƙwabciya. Layin da ya gagari mai jaki bai gagari igwa ba. Abokan gaba na gari ke nan, masu ajiye gabarsu a gefe duk ranar da mai ƙasa ya ɗaga kai.

Sai zaman lafiya ya sauka, ya zo da littafi a hammata. Aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi, kusa da talaka, don kada ƙauna ta yi nisa. Ga dagaci zaune a zaure, ga malamin haraji ya buɗe littafi a kan gwiwa, ga dogari tsaye a bakin ƙofa da bulala don ado. Mai unguwa na kiran suna. Magidanci ya shigo ya durƙusa, ya kwance bakin zane ya zuba wuri, a ce masa zamanin wuri ya wuce, sulalla ake so. Ina zai sami sulalla? Wajen mai sikeli. Me mai sikeli ke so? Gyaɗa da auduga. Yaushe ake karɓar haraji? Da kaka, daidai lokacin da farashi ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya tilasta wa manomin Kabo ya rage gonar dawa ya shuka gyaɗa. Shi da kansa ya ga dama, bayan ya ga yadda aka shanya maƙwabcinsa a rana. Bafulatani ma ba a manta da shi ba, ana ƙirga masa shanu kyauta kowace shekara a karɓi jangali.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Dogon bai nufi Katsina ko Damagaram ko Agadas ba, inda cinikinmu ya saba bi tun kaka da kakanni. Ya miƙe sak zuwa teku, don kaya su huta da tafiyar raƙumi. Ayarin Turabulus ya mutu a tsaye, jakunan Gwarzo suka koma jigilar buhu zuwa sikelin kamfani, dalar gyaɗa ta tashi a Kano har ana ɗaukar hotonta ana kai wa Turai. Da damina ta ƙi a 1913, yunwa ta shigo a 1914, mutane suka yi ta gangarowa daga kason Faransa suna faɗuwa a hanya, rumbunan da aka saba ajiye hatsin shekara biyu suka wayi gari wayam. Haraji dai bai fasa zuwa ba. Wannan riƙon alkawari ne, ko uwa ba ta kai haka zuwa a kan lokaci ba.

Sun ce sun zo ne su hana bauta, kuma sun hana, cikin natsuwa irin ta masu hankali. An rufe kasuwar bayi, amma wanda ke hannun ubangijinsa aka bar shi ya fanshi kansa da guminsa, ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara 33 bayan cin Kano. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Ingila ta riga ta nuna tsarin tun 1833, da ta ware fam miliyan 20 ta biya diyyar bauta ga masu bayin. Faransa ma a 1825 ta sa Haiti ta biya ta faran miliyan 150 saboda bayin sun yi rashin kunyar 'yanta kansu. A kasonta na nan kusa kuma aikin tilas bai ƙare ba sai 1946. Ilimin zamani ma an kiyaye talaka daga sharrinsa: makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 ta fara ne da 'ya'yan sarakuna da malamai, gwargwadon yawan malaman haraji da ake buƙata.

A 1940 gwanayen suka sake ɓatawa. Jamus ta ci Faransa, gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus ta riƙe Nijar, jiragen ruwan Ingila suka yi wa Dakar ruwan wuta a watan Satumba. Nan take aka sanar da mu cewa mutanen Maraɗi da Damagaram abokan gaba ne. Mai jakin da ya saba kai goro ya dawo da kanwa ya wayi gari ɗan leƙen asiri. Daga Accra ake watso labarin yaƙi da Hausa, da muryar Isa Kaita da Bello Dandago, wanda daga baya ya riƙe sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta. Aka zo ɗiban gwamna, aka kwashi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su dawo ba. Aka kwashi wasu zuwa Bama su kare 'yancin duniya, wanda za a aiko musu da nasu kason daga baya. A ƙarshen 1942 Nijar ta sauya ɓangare, aka sanar da mu cewa Maraɗawa sun koma 'yan'uwa. Ba a taɓa barin mu cikin duhu ba, kullum ana gaya mana wanda za mu ƙi.

Amma duk wannan share fage ne. Gwanin gaske shi ne wanda aikinsa ke tafiya bayan ya tafi. A 1960 suka naɗe tutocinsu, Nijar ranar 3 ga Agusta, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. A 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira suka yi alkawarin riƙe iyakokin yadda aka bar musu. Jikan mutumin Gwarzo ya yi boko da Ingilishi, jikan ƙanensa da ke Tasawa ya yi lakwal da Faransanci, idan gwamnatocinsu za su ƙulla yarjejeniya sai a rubuta ta da harsuna biyu na Turai, bayan an gama gaisawa da Hausa a bakin ƙofa. Ɗaya na riƙe da naira, ɗaya na riƙe da sefa, kuɗin da Faransa ta ƙirƙiro a 1945, ɗan canji na ci a tsakani. Yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekaru yana haska birnin Faris, ƙauyukan da ke kusa da ramin suna kwana da fitilar hannu, don kada haske ya hana su barci.

Ɗalibai kuma sun yi hazaƙa har sun so su wuce malamansu. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakar da hannunta, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka sake garƙame ta, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa ta ruɓe a cikin buhu, marar lafiyar da ya saba zuwa asibitin Katsina ko Kano ya koma bin hanyar daji a kan babur. Har aka sa ranar da za a tura soja. Saura ƙiris ɗan Gwarzo da ke cikin kaki ya ɗaga bindiga ya auna ɗan Maraɗi da ke cikin kaki, a kan layin da aka saya da kifin Newfoundland. Lugga da Voulet da suna raye, da sun yi hawayen farin ciki. Ba a buɗe ɓangaren Nijeriya ba sai Maris na 2024. Ana nan ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wasu 'yan ƙasa na gari suna tambaya don me za a kashe kuɗinmu a kai jirgi ƙasar waje. Tarbiyya ta kama.

Don haka ina kira ga jama'ar Gwarzo da Kabo, da na Getso da Garo da Lakwaya da Gude, kada mu zama marasa godiya. Duk wanda ya ga yaron Damagaram na tura kurar ruwa a unguwarsu, ya tambaye shi takardarsa. Duk wanda jami'i ya tare a shingen Jibiya ya sauke masa buhun gero, ya biya da fara'a, ya tuna manyan mutane ne suka sha wahalar ja masa wannan layi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,500, daga yammacin Kebbi zuwa tafkin Chadi. Yau babu sojan Ingila ko ɗaya a kansa, babu na Faransa. 'Ya'yanmu ne ke gadinsa ta kowane ɓangare, da bindigar da muka saya, da albashin da muke biya.